Saƙon Mervyn Bai Fara da Lamba Ba

Mu mutanen bakin kogin nan haka muka gada: na sama ya leƙa sandar awon ruwa da safe, ya sanar da na ƙasa. A da ta rediyo ake yi. Bara Bronte, 'yar wana Darcy, ta dawo daga Brisbane da digirinta, ta haɗa mana manhaja kyauta. Ka tura tsayin ruwa ta waya, in ya yi yawa ita da kanta za ta gargaɗi kowa. Darcy har ya ishe mu da fariya a kasuwar tumaki.

Mu kuwa, da yake ba mu da aikin yi, muka cika layin da zolaya da labarin wasan kurket. Sai yarinya ta ƙara wa manhajar ƙa'ida ɗaya: a duba farkon saƙo, in lamba ce a karɓa, in ba lamba ba a watsar. Wallahi ni ma na yaba.

Da ruwan Fabrairu ya zo, tsoho Mervyn, mai gonar can sama, ya tarar kogi ya shanye sandar gaba ɗaya. To me zai karanta? Ya rubuta abin da iyayenmu ke faɗa: "Ta nutse." Duk wanda aka haifa a nan ya san nufinsa, ka ajiye shayinka ka kora dabbobi tudu. Manhaja ta ga harafi, ta watsar.

Tumakin Darcy suna fadama. Irin da mahaifinmu ya bari ne, babu su a ko'ina. Ruwa ya tafi da wasu, sauran muka ciro gawarwakinsu maƙale a wayar shinge. Ban taɓa jin baƙin ciki irin wannan ba.

Darcy ya hau tarakta yana haƙa ramin binne su. Bronte kuwa ta zauna a bayan motata da kwamfuta a cinya.

"Gwaggo, gyaran ko minti ɗaya bai kai ba," in ji ta.

Na ce ta rufe abin nan haka. Ina! Ta riga ta danna. Manhajar ta koma kan saƙonnin da ta watsar, ta karanta na Mervyn.

Wayar Darcy ta yi ƙara. Ya kashe tarakta, ya lalubo tabarau, ya karanta mana a hankali: "Ruwa na tafe. Ku kwashe dabbobinku zuwa tudu."