Jar Igiyar Baba Ɗaurarre

"Ba zan sha ba," in ji tsohon, ya kau da kai daga cokalin. "Sai an kira min Guguwa."

Auta, 'yarsa, ta dubi Maɗinkiya, maƙwabciyarsu, kamar za ta yi kuka. Maganin ma ɗan abin da ya rage a gindin kwalba ne, ga shi ana ta lallashi yana neman zubewa. Maɗinkiya ta fita tsakar gida, ta ɗaga murya ta saman katangar da ta raba gidajen biyu.

"Baban yara! Baba na kira!"

Kwana tara ke nan tsohon yana kwance. Likita ya ce zuciya ce ta gaji, kuma kowa a layin ya gane abin da hakan ke nufi, har shi mai zuciyar. Shekara arba'in ya yi yana tsallakar da mutane kogi a jirginsa mai inji, amma ba wanda ke kiransa da komai sai Baba Ɗaurarre. Dalilin sunan wata 'yar jar igiya ce mai murɗe-murɗe da ke zuwa tare da kowane inji. Bakinta ɗaya na da ɗan makullin roba da ake maƙalawa a jikin injin, ɗaya bakin kuma matuƙi ya ɗaura a jikinsa. In ya faɗa ruwa, igiyar ta fizge makullin, injin ya mutu nan take. Matuƙan tasha duka nannaɗe ta suke yi a hannun inji, su ce namiji ba ya yawo da turke kamar akuya. Shi kaɗai ke ɗaurawa, tun ranar da ya ga jirgi ba matuƙi yana zagaya ƙaninsa a cikin ruwa, har farfela ta same shi a zagaye na uku. Ya yi musu magana ya gaji, su kuwa ba su gaji da dariya ba.

Guguwa ya shigo yana goge hannu da tsumma. Shi ne mijin Maɗinkiya, kuma in aka ji jirgi na ihu a tsakiyar kogi kamar an biyo shi, ba sai an tambaya ba.

"Baba, ya jikin?"

"Jiki ya gama nasa. An ce kai za ka tsallaka sayo magani."

"Yanzun nan ma. Kafin ka juya na dawo."

"Abin da nake tsoro ke nan." Tsohon ya laluba ƙarƙashin matashi, ya zaro jar igiyarsa, wadda rana ta ci launinta har ta koma kamar ruwan hoda. "Ungo. Ka ɗaura."

"Haba Baba, da girmana? Su 'yan tasha su sa ni a bakin duniya?"

"Ni shekara nawa na yi a bakinsu? Ka ga sun cinye ni? Ɗan nan, ba na son in tafi a ce duk surutun da na yi ko mutum ɗaya bai ji ba."

Guguwa ya sosa ƙeya, ya karɓa. "To, Baba."

"Na san wannan 'to' ɗin. Da shi kuka tsufar da ni." Ya juya ido wajen Maɗinkiya. "Ke 'yar nan, ki bi shi. Kin tuna karatunmu?"

Ta tuna. Bara, da maza suka ƙi sauraronsa, ita ya kama. Yana gwada inji a cikin durom na ruwa a tsakar gida, ita kuma ta zo aron wuƙa, ya tsare ta sai da ta koyi tayarwa da kashewa. Ta ɗauka rigimar tsufa ce, ta biye masa don kada ransa ya ɓaci. Yanzu ya sake laluba matashin, ya miƙo mata wani makullin roba, shi kaɗai ba igiya.

"In makulli ya bi mutum cikin ruwa, wanda ya rage a jirgi da me zai tayar? Riƙe wannan." Ta ciro fil daga bakin mayafinta ta maƙale shi a ƙirjin riga. Sai a lokacin ya buɗe baki ya karɓi maganin.

A tasha matuƙa na zaune a inuwar rumfa, wasu na gyaran taru, wasu na gyaran zancen mutane. Guguwa ya cusa igiyar a aljihu ya kwance jirgi. Maɗinkiya ta tsaya a kan katakon hawa, ta harɗe hannu.

"Shigo mana."

"Sai ka ɗaura."

"Maman yara, ana kallonmu fa."

"To su kalla. Ni ba zan koma in dubi idon mutumin nan in yi masa ƙarya ba."

Ya yi tsaki ƙasa-ƙasa, ya sunkuya kamar mai gyara takalmi, ya ɗaura igiyar a idon sawu, ya ja ƙafar wando ya rufe. Makullin ya maƙala shi yana kare injin da bayansa. Ita dai ta shiga ta zauna tana danne dariya, don ba ta taɓa ganin ƙato na ɓoye abin kirki kamar kayan sata ba.

Tafiya lafiya lau. Suka sayi maganin a kantin da ke tsallake, suka juyo rana na tsaka. Ruwa ya ƙaru a makon, ya yi ja, yana tafe da ciyayi da rassan itace. Guguwa ya murɗa hannun inji har ƙarshe, hancin jirgi ya ɗaga, shi kuma yana zaune a gefe ɗaya a kan rigar ceto da ya mayar matashin zama.

"Ka rage!" ta ce.

"Baba na jira!"

Ba ta ga gungumen ba, shi ma bai gani ba. Ƙara kawai ta ji, jirgin ya yi tsalle ya karkace, ta kifa a ƙasan jirgi, leɓenta ya daki katako. Sai kuma shiru. Shirun ne ya fara ba ta tsoro, don kunnenta ya saba da ihun injin. Ta ɗago ta waiwaya, wurin zaman mijinta ba kowa.

Can baya ta hango kansa, ya fito ya nutse ya sake fitowa. Guguwa ya iya ruwa tun yana yaro, amma da hannu ɗaya yake dukan ruwan, ɗayan na reto a gefensa. Jirgin ya ɗan ƙara gaba da sauran ƙarfinsa, ya tsaya, ruwa ya fara jan kowa nasa wuri. Ta wawuri rigar ceto ta wurga masa, ta faɗi ko rabin hanya ba ta kai ba.

"Baban yara! Ka riƙe! Ina zuwa!"

Da rarrafe ta isa wajen injin. Ta fizge makullin daga ƙirjinta har rigar ta yage. Sau biyu makullin yana kuɓucewa kafin ya zauna a gurbinsa. Muryar tsohon ta dawo mata tiryan-tiryan, har da faɗan: cire giya tukuna, ke! Ta cire. Ta kama mariƙin igiyar tayarwa ta ja, injin ya yi tari ya yi shiru. Ta sake ja, ko tarin bai yi ba. Ta dafe murfin injin da hannun hagu, ta taka katako, ta ja da duk ƙarfin da Allah ya ba ta. Ya kama.

Zuciyarta ta ce ta nufe shi kai tsaye. Karatun tsakar gida ya ce a'a, a zagayo ta ƙasa, a fuskanci ruwa, a zo a hankali. Ta zagaya, jirgin na tangaɗi kamar ɗan koyon tafiya, tana kallon kan mijinta na ƙara yin ƙasa. Da ya rage kamar tsawon jirgi biyu tsakaninsu, ta sa yatsa ta fizge makullin da kanta. Injin ya mutu, farfela ta tsaya, jirgin ya silale zuwa gare shi shiru. Ta miƙa masa filafilin tuƙi ya kama, ta jawo shi gefe, ta cusa hannu ta damƙi bel ɗinsa. Yadda aka yi mace mai zaman keken ɗinki ta ɗago wannan ƙaton, ita ma ba ta sani ba har yau. Ya faɗo cikin jirgi yana aman ruwa, jar igiyar na nan a ƙafarsa, makullin na lilo a ƙarshenta.

Ya daɗe yana kallon igiyar kafin numfashinsa ya daidaita.

"Maman yara," ya ce, "da ban ɗaura ba..."

"Yi shiru ka riƙe kafaɗarka. Ni zan tuƙa."

'Yan tasha sun ga komai daga gaɓa. Jirage biyu har sun taso, suka haɗu da ita a hanya suka yi mata rakiya, ɗaya dama ɗaya hagu. Da hancin jirgi ya taɓa katako, tasha ta kaure da ihu. Wani dattijon masunci ya cire hularsa yana kaɗawa, yana cewa yau ya ga abin da bai taɓa gani ba. Maɗinkiya ta sauko, leɓe a fashe, riga a yage, kwalbar magani a hannu, kuma daɗi ya cika ta har tana jin kamar ta fi kowa tsawo a wurin.

Guguwa bai saurari masu cewa a kai shi a duba kafaɗar ba. Ya ɗaga ƙafa ya ɗora a kan turken ɗaure jirgi, ya naɗe wandon har gwiwa.

"Ku dube ta da kyau," ya ce. "Mai dariya ya yi yanzu ina ji."

Ba wanda ya yi. Suka bi bayansu zuwa layin, mutum kusan ashirin, wasu ko takalmi babu.

Auta ce ta tare su a ƙofar ɗaki, idonta jawur. Tun fitarsu, ta ce, tsohon bai ƙara magana ba, numfashin ma sai an kasa kunne. Duk gudun da Maɗinkiya ta yi a kan ruwa bai tsorata ta kamar wannan ba, kada a ce sun makara da labarin.

Guguwa ya durƙusa a gaban gadon, ruwa na zuba daga tufafinsa a kan siminti.

"Baba. Baba, ni ne. Na faɗa ruwa."

Idon tsohon ya buɗe kaɗan. Leɓensa ya motsa, suka matso.

"Ya mutu?"

"A'a, Baba!" Auta ta fashe da kuka. "Ga shi nan a gabanka da ransa!"

"Injin nake tambaya, sakarya."

Dariya ta kuɓuce wa Maɗinkiya a tsakiyar hawaye. Guguwa ya kama hannun tsohon da hannunsa mai lafiya.

"Ya mutu, Baba. Ko ruwa ban gama taɓawa ba ya mutu."

"Madalla. Shi ya kamata ya mutu." Ya huta, ya nemi Maɗinkiya da ido. "Wa ya ɗauko shi?"

"Ni ce, Baba."

"Ta ina kika zo masa?"

"Ta ƙasa, ina fuskantar ruwa."

"Kin kashe kafin ki isa?"

"Na kashe. Saura tsawon jirgi biyu."

"Uku na ce miki."

"Ka yi haƙuri, Baba. Na gaba zan cika."

Wani sauti ya fito daga ƙirjinsa, suka ɗauka tari ne, ashe dariya ce. Ya ji hayaniya a tsakar gida ya tambayi su wane ne. Aka ce 'yan tasha ne, kusan dukansu.

"To ka faɗa musu. Da ƙarfi, ina so in ji."

Guguwa ya miƙe ya tsaya a bakin ƙofa, ya buɗe muryar nan tasa da ake ji daga tsallaken kogi.

"Jama'a! Baba Ɗaurarre ya fi mu gaskiya! Shekara da shekaru muna yi masa dariya, yau igiyarsa ce ta dawo da ni gidan nan da ƙafafuna!"

Tsakar gida ta amsa gaba ɗaya. Dattijon masuncin ya leƙo ta taga ya ce, "Ɗaurarre, ka ci mu. Gobe duk za mu ɗaura, ka ƙara 'yan uwa." Tsohon ya lumshe ido, fuskarsa ta saki, Maɗinkiya ta ga haƙoransa biyun da suka rage.

"A ba ni ruwa," ya ce.

Ita ta ɗago kansa, Auta ta kai masa kofi. Ya kurɓa sau biyu, ya ce ya isa, ya ce a bar ƙofar a buɗe don yana son jin surutunsu. A waje ana ta maimaita labarin, kowa na ƙara masa gishiri, har an kai inda Maɗinkiya ta ɗago mijinta da hannu ɗaya. Ana cikin haka Auta ta kira shi bai amsa ba. Ta sake kira, sannan ta dubi Maɗinkiya, Maɗinkiya ta sa tafin hannu ta shafe masa ido.

Surutun tsakar gida ya yanke daga bakin ƙofa zuwa zaure. Maza suka fara shigowa ɗaya bayan ɗaya. A gaban gadon, inda Guguwa ya durƙusa, shatin gwiwoyinsa biyu na nan a jiƙe a kan siminti, bai ko fara bushewa ba. Duk wanda ya shigo sai ya dube shi, ya raɓa ta gefe.