Abin da Tilly ta Faɗa a Kan Allo

"Ba ruwa take nema ba, 'yar nan," in ji Hilda daga bakin ƙofa. "Cewa ta yi hannunki da sanyi, ki ɗumama shi kafin ki taɓa ta."

Nas Maureen ta juyo da kofi a hannu. Tun safe take fama da tsohuwar da ke kwance a gadon: ta miƙa ruwa a kau da kai, ta gyara matashi a harare ta. Kwana tara ke nan da ɓarin jikin tsohuwar ya shanye, murya ta ɗauke, hannun rubutu ya mutu. Leɓe kawai ke motsi, kuma ba wanda ya gane abin da yake faɗi.

"Iya, ta yaya kika sani? Ni ko numfashi ban ji ba."

"Shekara arba'in da ɗaya na yi a masaƙa. Injuna ɗari takwas na ruri a ɗaki guda, ko ihu kika yi ba mai jin ki. Da leɓe muke hira daga wannan bango zuwa wancan. Tambayi kowace tsohuwa a garin nan namu na Burnley."

A gaskiya ba taimako kaɗai ne ya hawo da Hilda Duxbury wannan bene ba, kuma kwanon miyar da ta riƙo dalili ne kawai ta nema. Shekara biyu ke nan da tsohuwar nan, Mis Dene, ta kama gidan da ke jikin nasu, da hularta da safar hannunta da muryarta ta manyan Landan. Ba ta shiga gidan kowa, ba wanda ya taɓa wuce zaurenta. Amma duk Asabar sai ta durƙusa ta goge dakalin ƙofarta da farin dutse, ta ja siririn layi a gefe, daidai yadda matan layin masaƙa ke yi tun kakanni. A ina 'yar Landan ta koyi wannan? Tambayar nan ta hana Hilda sakat, har mijinta Walter ya gaji.

"Ke dai ba ciwo ne zai kashe ki ba," yakan ce, "labulen tagar nan ne, ranar da ya faɗo miki a ka."

Yanzu ga ta a cikin ɗakin, idonta na yawo ba kunya. Madubi babba, kwalaben turare da suka bushe, akwatin fata a ƙarƙashin gado. Sai hoto ɗaya a bango: budurwa da manyan idanu da aka zizara wa kwalli, gashi a yanke daidai kunne, hannu dafe da ƙirji. Hilda ta matsa kusa. Saura kaɗan miyar ta zube.

"Ikon Allah! Coralie Dene!"

"Wa?" in ji nas.

"Ba ki san ta ba, ko uwarki ba a haifa ba. 'Yar fim ce, tun zamanin da fim ba ya magana, sai a rubuta maganar a kan allo, mai piyano na kaɗawa a ƙasa." Ta juya ga gadon. "Ke ce? Ke ce ɗin nan na yi shekara biyu ina leƙe?"

Leɓen tsohuwar ya motsa, ɓari ɗaya a karkace, amma a fili yake kamar rubutu.

"Ni ma ina ganin labulenki. Zauna."

Hilda ta zauna. Abin da ya sa gabanta faɗuwa ba maganar ba ce, yadda aka yi ta ne. An buɗe baki sosai, an ja kowace kalma, an ɗaga gira a ƙarshe. Ba a koyon wannan a Landan. A gaban injin saƙa ake koyonsa.

Da nas ta sauka dafa shayi, Hilda ta sunkuyo.

"Akwai abin da nake son tambayarki, shekara hamsin da ɗaya yana cina. Ina 'yar sha uku, aka kawo wani fim naki sinimar bakin kasuwa. Kin fito a gimbiya, kina mutuwa a lambu, wani mai gashin baki na riƙe da ke. Aka rubuta a allo wai kin ce, 'Ka yafe mini, ranka ya daɗe.' Amma mu 'yan masaƙa mun ga bakinki. Ba haka kika ce ba."

"Me na ce?"

"Kin ce, 'Mama, ni ce Tilly. Lafiyata lau. Ki daina kuka.' Layinmu duka muka yi tsit, ana ta zungurar juna. Sati guda ana muhawara a masaƙa. Wasu suka ce mafarki muka yi. To wace ce Tilly?"

Tsohuwar ta rufe ido, ta buɗe. Labarin ya fito a hankali, da hutu a tsakani, Hilda na goge mata gefen baki da hankici. Sunanta Matilda Ormerod, haifaffiyar layin bayan tashar jirgi, layin da aka rushe tuni. Tana da sha bakwai ta bar injinta ta bi 'yan wasa zuwa kudu. Ubanta ya ce ba shi da 'ya, duk wasiƙar da ta aiko sai ta dawo a rufe. Uwarta Alice ba ta iya karatu ba, injuna kuma sun cinye mata kunne. Masu fim suka ba ta sabon suna da sabuwar murya, suka ce kada ta kuskura ta ambaci masaƙa. To ta wace hanya za ta yi wa uwarta magana? Sai ta lura ba wanda ya damu da abin da bakinta ke faɗi a gaban kyamara, in dai hawaye na zuba.

"Fim shida," in ji leɓen. "Kowanne da saƙonsa. Ta mutu ban sani ba, sai bayan an binne ta. Na dawo garin nan ne don in tambaya ko ta gani. Shekara biyu na kasa buɗe baki. Tsoro nake a ce mini a'a."

Hilda ta ji tausayi ya cika mata ciki. Ta buɗe baki za ta ce ai ta gani mana, kowa ya gani.

"Kada ki yi mini ƙarya," leɓen ya riga ta. "Shekara goma sha biyu ina cin abinci da ƙaryar fuska. Taki ba ta iya ba."

"To ban sani ba," in ji Hilda. "Ban san uwarki ba. Ba masaƙarmu ɗaya ba."

Nas ta shigo da shayi, ta ce likita ya yanke ranar Juma'a za a ɗauke ta zuwa asibiti, idan ta kai. Ranar Laraba ce.

Da la'asar Hilda ta zauna a kicin tana lissafa tsofaffin da ta sani. Wannan ta rasu, waccan ta bi ɗanta ƙetare, waccan kuma hankali ya gushe.

"Kin sami abin da kike nema ai," in ji Walter, yana shafa wa burodi man shanu. "Kin ji wace ce. Sai ki bar mutane su huta."

"Na ji nawa. Ita ba ta ji nata ba."

"To ki ce mata uwar ta gani. Wa zai ƙaryata ki?"

"Kai dai tsoho, ci burodinka."

Ya ci, ya daɗe yana tauna. Can ya ce, "Inna Bessie fa? Wadda ta koya wa yayata saƙa. A bayan tasha ta girma. Tana gidan tsofaffi na kan tudu, in ba ta tafi ba."

Washegari Hilda ta hau bas biyu cikin yayyafi. Ta tarar da Bessie Clegg a kujera kusa da taga, shekara tamanin da tara, bargo a gwiwa, kunne ba ya jin ko tsawa. Ma'aikatan gidan sun ce ba ta magana da kowa. Hilda ta tsaya daga nesa, ta buɗe baki ba murya.

"Inna Bessie, har yanzu kina satar zaren mutane?"

Tsohuwar ta miƙe zaune, ido ya kawo haske.

"Wace mara kunya ce wannan? Matso in ga bakinki. Af, matar Walter mai kunnen buta! Ya mutu?"

"Yana nan, yana ci."

"Haka uban ma yake. Me ya kawo ki?"

"Kin san Alice Ormerod?"

"Injinta na kallon nawa shekara tara. Mai 'yar da ta gudu. Mijinta mugun mutum, Allah dai ya ji ƙansa in ya ga dama."

"Ta taɓa zuwa sinima?"

Bessie ta yi dariya har da tari.

"Ta taɓa? Ni na ja ta! Na ga fim ɗin ranar Litinin, da safe na ce mata, Alice, 'yarki na kiranki a bango. Ta ce in daina iskanci. Da aka tashi daga aiki na kai ta. Da yarinyar ta buɗe baki, sai Alice ta miƙe tsaye a tsakiyar mutane, na baya na cewa a zauna, ita ko a jikinta, ba ji take ba. Kwana biyar a jere tana zuwa, tana ce wa mijin taron coci za ta. Tun da aka yi coci ban ga mai ibada irin ta wannan satin ba."

"Ta ce wani abu?"

"Kullum sai ta ba ta amsa. Abu ɗaya take maimaitawa, ni ina gefe ina jin kunya."

"Me take cewa?"

Bessie ta gyara zama, ta ja bargon kamar mayafi, ta ɗaga haɓa sama kamar mai kallon allo, ta nuna mata. Hilda ta sa ta sake har sau uku, don ta ɗauki yadda girar ke tashi da yadda kan ke karkata.

A bas ɗin komawa ba ta kalli kowa ba, leɓenta na ta motsi, har wata mata ta canja kujera. Tsoro ɗaya ne a ranta, kada ta tarar an ja labulen gidan Mis Dene, alamar an yi rasuwa.

Ba a ja ba. Amma nas ta tare ta a kan bene, ta ce tun rana ba ta buɗe ido ba, ko cokali ɗaya ba ta karɓa ba kwana biyu. Hilda ta hura wa hannuwanta iska, ta murza su har suka yi ɗumi, sannan ta taɓa kumatun tsohuwar.

"Tilly," ta ce da ƙarfi. "Tilly Ormerod, buɗe ido. Wannan maganar ba ta kunne ba ce."

Idon ya buɗe da ƙyar. Ya tsaya a kan fuskar Hilda yana bincike, irin binciken mai neman ƙarya.

"Bessie Clegg tana da rai. Ita ta kai uwarki sinima. Kwana biyar a jere, a tsaye. Ga abin da ta ce miki."

Hilda ta ja baya zuwa ƙarshen gadon inda hasken taga ke faɗo mata a fuska. Ta ɗaga haɓa, ta karkata kai, ta buɗe baki ba murya.

"Na gan ki, Tilly. Kin rame. Ba sa ba ki abinci ne? Ki ci abinci."

Tsohuwar ta daɗe tana kallo. Sai kafaɗarta mai rai ta fara girgiza. Nas ta taso a firgice, Hilda ta riƙe ta.

"Bar ta, dariya take."

"Ita ce," in ji leɓen, hawaye na gangarawa cikin kunne. "Wallahi ita ce. Sake."

Hilda ta sake. Ta sake kuma. A na huɗu nata idon ya cika, bakin ya ƙi tsayawa daidai.

"Me take cewa yanzu?" in ji nas.

Hilda ta share fuska da bayan hannu. "Wai burodi take so. Da man shanu, a shafa da kauri."

"Iya, ba za ta iya haɗiya ba."

"Kawo dai, 'yar nan."

Aka kawo. Hilda ta yanke gefen mai tauri, ta tsoma ɗan kaɗan a shayi, ta kai mata baki. Ta ci loma ɗaya, ta huta, ta ci ta biyu.

Motar asibiti ba ta ɗauke ta ba. Da hantsin Juma'a, Hilda na durƙushe tana goge mata dakalin ƙofa da farin dutse, ko da yake ba Asabar ba ce, nas ta leƙo ta taga ta girgiza kai, alamar rai ya yi halinsa. Hilda ta ƙarasa jan layin gefe kafin ta hau. A kan teburin gefen gado farantin jiya na nan, da yankin burodi, an ci gefe ɗaya.