Gishirin da Fintan Ya Zuba a Maganin Ƙuna

Fintan Tuohy mahassadi ne, kuma ƙanwarsa Sabina, uwa ɗaya uba ɗaya, ya yi wa hassadar.

Ubansu ne mai maganin ƙuna a ƙauyenmu na bakin teku, can yammacin gundumar Mayo. A wurinmu namiji mace yake bar wa magani, mace ta bar wa namiji, in aka saɓa maganin ya mutu. Shi ya sa da tsohon ya ji ajali ya matso, Sabina ya kira ya raɗa mata sunayen ganyayen. Fintan, ɗan fari, yana tsaye a bakin ƙofa.

Maganin ba ya haɗuwa sai da man shanun da aka kaɗa ranar farko ta watan Mayu, wanda gishiri bai taɓa ba. Tukunya ɗaya take cikawa, ita za ta kai ta shekara.

Mutane suka riƙa wuce gidan Fintan zuwa nata. A ƙofar coci maza su cire mata hula, shi kuwa su tambaye shi ko 'yar'uwarsa tana gida. Yakan ce ai maganin nata ciyawar bakin rafi ce kawai, ko jaki ya san ta. Ran nan tana kasuwa ya shiga ɗakinta, ya antaya gishiri a tukunyar, ya juya.

Ba a jima ba, yana shafe kwale-kwalensa, garwar tafasasshiyar kwalta ta kife masa a hannun dama. Maƙwabta suka kinkime shi sai gidan Sabina. Tana ɗauko tukunyar ya ɓoye hannun.

"Miƙo mana, yaya. Ko ciyawar jakin ce ba ka so?"

"Kada ki shafa min."

Ta dube shi, ta lakaci man ta ɗanɗana. Ba ta yi masa faɗa ba. Ta juya ga maƙwabtan ta ce an zuba wa man gishiri, babu magani sai wani Mayun, duk mai ƙananan yara ya nisanta su da murhu. Babu wanda ya tambaye ta wa ya zuba. Ta wanke masa hannun da ruwan sanyi, ta ɗaure da tsumma.

Hannun ya shanye. Fintan bai sake tuƙa kwale-kwale ba, kuma har ya mutu babu wanda ya ƙara zama kusa da shi a coci.