Takin Suwaiba

Ranar Asabar da aka zo tsaftace mu aka kwashe abincinmu na shekara.

Mu 'yan gidaje ne a gefen jujin bayan kasuwa, a Ikara. Duk rani matanmu na tankaɗe shara, su fid da leda da kwalba, su tara baƙar ƙasar da ta rage tsibi-tsibi. Damina na kawo kai manoma su zo su ɗauki taki, su bar mana hatsi. Tsibin marigayiya matata Suwaiba ya fi na kowa, kuma shi nake sa ran zai ciyar da ni da 'yata bana.

Alhaji Zayyad, shugaban kwamitin tsafta, ya iso da tifa biyu da mai ɗaukar hoto, hancinsa cikin takunkumi.

"Bayin Allah, yau kun rabu da ƙazanta!" in ji shi.

Ashe tsaftar tana da zaɓi. Leda da ƙunzugun jarirai ba wanda ya taɓa su. Takin kaɗai aka loda, motoci suka kama hanyar Likoro, inda Alhaji ke da gonar masara. Wataƙila dace aka yi.

Da manyan baƙi suka zauna za a fara jawabai, maƙwabciyata Jamila ta ja ni gefe. "Malam, kai ne mai karatu. In an ba ka lasifika, ka faɗa masa."

Aka kuwa ba ni, don in yi godiya a madadin talakawa. Na karanta littattafai da yawa, amma ban ga inda mutum ya buɗe baki gaban manya bai gaishe su ba. Na gai da wakilin hakimi. Na gai da liman, na tambayi jikinsa, ya ba ni labarin gwiwarsa. Na gai da sarkin kasuwa, ya ce ya haƙuri, na ce da godiya. Ina kan mai unguwa Alhaji ya duba wayarsa ya miƙe.

"Madalla da dattijo mai ladabi," ya ce.

Aka tafa, aka kashe janareta.

"Sannu, Malam," in ji Jamila. "Gaisuwar za mu tuƙa bana?"

Maganar da na zo da ita ba ta fi numfashi ɗaya ba, har yau tana bakina: Alhaji, sharar nan da mai ita, kuma ko arba'in ba ta yi a ƙasa ba.