Ƙuri'ar Cikin Gwangwani

Saje ya zura hannu cikin gwangwanin, ya lalubo ɗaya daga cikin takardu biyun da ke ciki, ya buɗe ta a ƙarƙashin tebur. Rubutun Anti ne, harafi ɗaya ƙato: E.

Shekara huɗu ke nan shi da Malam, mijin ƙanwarsa, suna fafata muhawara a wannan gidan rediyon duk ranar Laraba da ƙarfe huɗu. Ƙa'idar shirin ɗaya ce: ba ka zaɓar ɓangare. Anti mai gabatarwa takan rubuta "e" da "a'a", ta naɗe, ta jefa a tsohon gwangwanin madara, abin da ka ɗauko shi za ka kare ko da zuciyarka na ƙinsa. A da takan bayyana wa masu sauraro haka a farkon shiri. Tun da tallar sabulu ta cinye wannan mintin aka daina faɗa, su kuma ba su damu ba, don a ganinsu duk gari ya sani.

Tambayar yau kuwa ba irin ta kullum ba ce: shin sojojin ƙasashen waje su shigo su hana gwamnati haɗa makamin nukiliya? Kwana tara da suka wuce jiragen waje suka yi ruwan bama-bamai a kan masana'antar bayan dutse, inda ake zargin ana haɗa makamin. Bam ɗaya ya kauce ya faɗa kan motocin haya biyu da suka taso daga tashar da ke tsallaken titin gidan rediyon. Mutum talatin da ɗaya suka ƙone. Ɗazu da Saje zai shigo, yana jan ƙafarsa mai harsashi a gwiwa, ya ga direbobi zaune jugum a gindin lasifikar da suka ɗaura a jikin falwaya don jin rediyo. Ya yi aikin soja shekara ashirin da biyu, ya san irin wannan shirun.

"Me ka samu, Saje?" in ji Anti, tana gyara makirufo.

"A'a," ya ce. Ya dunƙule takardar ya tura aljihu. Ko rawa muryarsa ba ta yi ba.

Malam ya ɗauki ragowar, ya zaro jan bironsa na gyaran jarrabawa, ya sunkuya zai rubuta abubuwa ukun da zai faɗa, kamar kullum. Saje ya kau da kai ya ƙura wa agogon bango ido. Ya gaya wa kansa babu dalilin da zai sa mutum ya buɗe takardar da ya riga ya san abin da ke cikinta.

"To, Yaya," Malam ya ce da 'yar dariya, "yau ni ne mai gayyato baƙi. Ya ƙafar?"

"Da sauƙi."

Abin haushin shi ne, a gida Saje ne mai buga tebur yana cewa su shigo su tattara waɗannan janar-janar ɗin da ke mulki su kai su inda ba a dawowa. Malam kuwa, ranar da abin ya faru, shi ya yi ta ɗaukar gawa da hannunsa, ya je asibiti ya ba da jini har jiri ya kwashe shi. Amma Malam malamin kimiyya ne, kuma mutum ne da bai iya yin abu rabi-rabi ba. Da jar fitilar fara shiri ta kama, sai ya buɗe baki kamar da wannan ra'ayin aka haife shi.

"Jama'a, wannan makami ba bindiga ba ce da za ka saita mutum ɗaya. In muka haɗa shi bana, maƙwabcinmu na gabas ba zai yi barci ba sai ya haɗa nasa. Na kudu ma haka. Nan da shekara goma, maɓalli biyar a ƙarƙashin yatsun mutum biyar masu saurin fushi. Ɗaya ya tashi da ciwon kai, ko wani ƙaramin jami'i ya ga tsuntsu a na'ura ya zaci jirgi ne, shi ke nan. Garin nan gaba ɗayansa ba zai kai daƙiƙa goma ba. Wanda ya tsira zai yi ta haifar 'ya'ya marasa lafiya har jikokinsa. In mu ba za mu iya riƙe hannun shugabanninmu ba, a bar wani ya zo ya riƙe mana."

Saje ya ji kamar ana karanto masa abin da ke zuciyarsa, an ma fi shi iya faɗa. Nasa lokacin ya zo.

"Ni na taɓa zama sojan waje a ƙasar wasu," ya ce. "Na san abin da muka yi a shingen bincike. Shiga kwana ɗaya ne, fita sai shekara ashirin. Kuma su masu hana mu, nasu makaman nawa ne a ajiye? Wa ya je ya riƙe nasu hannun?"

Da ya tsaya a nan da ya wadatar. Amma muhawara tana da daɗin da ke kwashe hankali, kuma Saje ya sha kaye mako uku a jere. Ya matso da bakinsa kusa da makirufo.

"Malam, wannan lissafin naka na daƙiƙa goma, tsallaka titi ka karanta wa direbobi. Ka gaya masu mutum talatin da ɗayan nan su ne farashin shigowar baƙin."

Malam ya ɗago ya dube shi ta saman tabarau. Sannan ya ci gaba da bayaninsa.

Mai kiran waya na farko bai ko yi sallama ba. "Malam, mun ji ka," ya ce. "Muna bakin ƙofa." Ya kashe.

Anti ta zaro ido, ta jawo makirufo. "Masu sauraro, ku yi haƙuri, ya kamata in bayyana cewa a wannan shiri..." Dutse ya fasa tagar falon waje, wani ya bi bayansa. Wutar ɗakin ta ɗauke, jar fitilar ta mutu. Wani ya riga ya fizge wayar lantarkin daga waje.

Suka jiyo ƙofar ƙarfe tana ƙara, suka jiyo maigadi yana ihu, sannan ihun ya yanke.

"Yaya, bi ta ƙofar baya, ƙafarka," in ji Malam. Ya miƙe yana gyara rigarsa. "Bari in yi masu bayani."

"Ka haukace? Zauna!"

"Rabinsu na koyar da 'ya'yansu. Bayani ne kawai ba su samu ba."

Wannan ita ce cutar malamai. Sun yi imani babu taron da ba za a iya fahimtar da shi ba in an bi a hankali daga farko. Kafin Saje ya zagayo teburin, Malam ya fice.

A tsakar gidan, maigadi na kwance a gefen ƙofa, jini na bin kunnensa. Mutane sun kai ɗari, wasu da sanduna, wasu da duwatsu. A gabansu akwai Dogo, direban da ƙanensa ya ƙone a motar farko, riƙe da ƙarfen kwance taya.

Malam ya ɗaga hannu biyu. "Ku saurara! Ba ra'ayina ba ne. Ƙuri'a muke jefawa a gwangwani, abin da mutum ya ɗauko..."

"Ƙuri'a?" Dogo ya matso, idonsa jawur. "Ƙanena a buhu muka kwashe shi, ku kuna can cikin sanyi kuna caca da shi?"

"Dogo, ni ne fa. Tare muka ɗauki..."

Ƙarfen ya sauka a gefen kansa. Ƙarar ba ta da yawa, kamar an fasa tukunyar ƙasa a ɗaki na gaba. Tabarau ya yi tsalle. Malam ya durƙusa, yana lalube a ƙasa kamar tabaran ne babbar matsalarsa, sai sanda ta same shi a baya, taron ya rufe shi.

Saje ya kutsa yana ihu. Wani ya gan shi ya ɗaga murya: "Ga namu! Ga Saje!" Hannaye suka cafke shi ta ko'ina. Kafin ya ankara an ɗaga shi sama, an ɗora shi a kafaɗun ƙarti biyu, ana tsalle da shi ana kiran sunansa. Daga can sama yana ganin komai. Yana ganin sanduna na tashi suna sauka. Yana ganin takalmin Malam ɗaya a yashe.

"Ni ne!" ya yi kururuwa. Ya zaro takardar yana kaɗa ta. "Tawa ce! Ni na ɗauko! Ni ne!"

"Kai ne, Saje! Kai ne!" taron ya amsa da murna.

Ya dunƙule hannu ya naushi ɗaya daga cikin masu ɗauke da shi a ido. Suka zube tare, gwiwarsa ta bugi siminti har sai da ya ga wuta. Ya ja ciki ta tsakanin ƙafafu, ana taka masa yatsu, ya isa ya kife a kan Malam. Sanda biyu suka same shi kafin su gane wa suke duka, sai suka ja baya. A lokacin ne motar 'yan sanda ta iso, hayaƙi mai sa hawaye ya turnuƙe wurin, kowa ya yi ta kansa.

Rana ba ta faɗi ba lokacin da Auta, ƙanwar Saje, ta shigo asibitin da gudu, tef ɗin awo na ɗinki har yanzu a wuyanta. Ta tarar da shi a kan benci, rigarsa jiƙe da jinin mijinta. Ta riƙe hannunsa, yatsu biyu a karye, tana kuka tana cewa an gaya mata shi ya kwanta a kansa. "Allah ya saka maka, Yaya. Da ba ka wurin fa?" Saje ya so ƙasa ta tsage ya shige.

Likita ya fito yana cire safar hannu. Bai yi dogon bayani ba: Malam ya cika. Auta ta zame ta zauna, ba ta yi ihu ba, bakinta kawai ke motsi.

Can wata nas ta kawo 'yar leda: makullin gida, jan biro, da takarda a naɗe. Auta ta san takardar. Duk Laraba Malam yakan kawo mata tasa, ta ajiye a akwatin zare, suna dariyar irin abin da aka sa shi karewa. Ta warware ta a hankali a kan gwiwarta.

A sama rubutun Anti ne: A'A. Daga ƙasansa, a cikin takardar, da jan biro, abubuwa uku ne a jere da lambobinsu, cikin rubutun Malam mai tsabta. Maɓalli biyar. Daƙiƙa goma. Jikoki.

Saje ya kalli jan rubutun da ke zaune a ƙarƙashin baƙin rubutun Anti. Ashe ya buɗe. Ya buɗe, ya gani, ya tambaye shi ya ƙafa.

Auta ta daɗe tana kallon takardar. Da ta yi magana, muryarta a kwance take.

"Yaya, nan a'a aka rubuta, shi kuwa e na ji yana karewa a rediyo. Ina taka?"

Tana cikin tafin hannunsa tun ɗazu, ta jiƙe da gumi. Ya miƙa mata. Ta buɗe, ta shimfiɗa ta kusa da ta mijinta, ta goge su da yatsa har suka miƙe. Sannan ta tattara ledar, ta tashi, ta koma can ƙarshen bencin ta zauna.