Duk Zango An Sani

Marlys na cikin juya fanke a kan kasko a zauren zango sai ta ɗaga kai, ta hango motarsu ta taga tana shigowa. A-kori-kurarsu ce dai shuɗiya, ga tukwanen gas ɗin da mijinta ya tafi cikowa a baya. Amma ba mijinta ke tuƙi ba. Orville maƙwabcinsu ne riƙe da sitiyari, Arne kuwa yana zaune a gefe, ya ɗora hula a gwiwa kamar wanda aka rage wa hanya.

Hannunta ya tsaya cak. Tun da ta auri Arne Tollefson, shekara arba'in da ɗoriya, ba ta taɓa ganin wani a kujerar direban motarsa ba. Ko ranar da saniya ta karya masa ƙafa a gona, shi ya tuƙa kansa zuwa asibiti, yana zufa yana zagin saniyar.

"Marlys, fankenki na ƙonewa," in ji Bernadette, matar Orville, wadda ke zuba kofi a gefenta.

"Kin ga abin da na gani kuwa?"

Bernadette ta leƙa tagar, ta mayar da idonta kan buta. "Maza ke nan. Wa ya san abin da suka ƙulla?"

Kowace shekara, da dusar ƙanƙara ta fara rufe North Dakota, Arne kan ɗaura tafi-da-gidankansu, wato ɗakin kwana mai taya, a bayan mota su gangaro wannan zango na hamadar Arizona, ba su komawa sai Maris. Su Orville daga Manitoba suke zuwa, kuma filinsu na jikin na su Marlys tun shekarun baya. Tare suke shan kofi, tare suke kati, matan kuma tare suke suyar fanken Asabar da ake yi wa duk zangon.

Mazan suka shigo suna kakkaɓe ƙurar takalmi. Marlys ba ta jira sun zauna ba.

"Orville, me ka ba mijina ya sha har ya sakar maka mota?"

"Kunnena ne ya gaji da jin yabonta," in ji Orville yana sosa ƙeya. "Na ce yau sai na ɗana. Ashe ma ba wani abin kirki ba ce, ƙara kawai."

"Ta fi akwalar da kake ja," in ji Arne, aka yi dariya.

Hankalin Marlys ya ɗan kwanta. Ta zubo masa fanke uku da man shanu, yadda yake so. Ya zauna a dogon tebur tsakanin tsofaffin manoma da direbobin da suka yi ritaya, ana ta gardamar wane gari ya fi sanyi a gida yau, kowa na duba wayarsa yana alfahari da irin ƙanƙarar da ya tsere wa. Bernadette ta zo ta cika masa kofi. Arne ya ɗago ya yi mata murmushi irin na ladabi.

"Na gode, baiwar Allah. Ku kuma daga ina kuka zo?"

Marlys ta tuntsire da dariya. Sai da ta yi nisa a dariyar ta lura ita kaɗai ke yi.

"Daga Manitoba, Arne," in ji Bernadette, ba tare da muryarta ta canja ba. "Mu ne na kusa da ku, masu koriyar rumfa."

"Af, haka ne, haka ne," in ji shi, ya kai kofin baki.

Ba wanda ya razana. Ba wanda ya ko ɗaga gira. Na hannun damansa ya miƙo masa sukari, wani ya ci gaba da labarin bututun ruwan da ya fashe masa a gida. Marlys ta bi fuskokin da kallo ɗaya bayan ɗaya, duk wanda idonsu ya haɗu sai ya sunkuyar da kai ga farantinsa. Ta kashe wutar kasko, ta kama hannun Bernadette ta ja ta har bayan zauren, wajen famfon wanke-wanke.

"Faɗa min."

"Marlys, bari a watse tukuna..."

"Faɗa min yanzu! Mutumin da ya gyara miki firiji makon jiya yana tambayarki daga ina kike, ke kuma kin amsa masa kamar ya tambaye ki ƙarfe nawa. Wannan ba shi ne na farko ba."

Bernadette ta goge hannu a jikin rigarta, ko da yake a bushe yake. "Ba shi ne na farko ba. Ciwon mantuwa ne, ƙawata. Likita ya gaya masa tun Oktoba, kafin ku taso. Da kuka iso ya ja Orville gefe ya shaida masa, ya roƙe shi ya riƙa sa masa ido. Ya ce kada a gaya miki, da bakinsa zai faɗa."

"Oktoba," in ji Marlys. Ta tuna ranar. Ya ce zai je a duba masa kunne, ya dawo da kaza gasasshiya, ya ce likita ya ce lafiyarsa ƙalau.

"Duk inda ya fita da mota, Orville na biye da shi daga nesa. Yau da ya fito daga gidan gas, maimakon ya yo nan sai ya miƙi hanyar iyakar Meziko. Can ya tsaya a bakin titi, ya kashe mota. Orville ya same shi yana kallon sitiyari. Arne da kansa ya matsa gefe ya bar masa tuƙin. Tamu motar ma tana can a bakin hanya."

"Su wa suka sani?"

Bernadette ta kau da kai.

"'Yan kati? Mai kula da zango? Matar nan mai kare uku da ko gaisuwa ba ma yi?"

"Wata rana ita ta dawo da shi daga wajen zubar da shara. Ya kasa gane layinku. Marlys, ba wanda ya yi da mugun nufi."

"Wata biyu ina soya muku fanke, kuna kallona!"

Ta cire ƙyallen girkin da ke ɗaure a ƙugunta ta jefa a kan famfo, ta kama hanya. Rana ta ɗaga, sanyin safe ya sake. Mutane sun fito da kujeru ƙarƙashin rumfunansu, wasu na shanya, wani ya hau tsani yana goge allon sola. Kowa ya ɗaga mata hannu kamar kullum. Yau ne ta ga yadda hannuwan ke daɗewa a sama, yadda ake bin ta da ido. Abubuwa suka riƙa dawo mata. Butar shayi da ta tsinta a firiji, ta yi masa tsiya. Yadda ya daina kati, ya ce wai Orville na maguɗi. Yadda yake kiran kowa da "maigida" ko "baiwar Allah" kwanan nan. Duk ta gani, duk ta sama musu dalili, ta wuce ajin ɗinkinta.

Abin da ya tsayar da ita a tsakiyar hanya kuwa shi ne tafiyar da suka yi. Kwana da kwanaki a kan titi, yana jan gida guda a bayansa, ta cikin duwatsun Wyoming, iska na kaɗa su, ƙanƙara ta daskare a kwalta. Ita kuma tana gefe, har gyangyaɗi ta yi.

Ta tarar Arne ya riga ta isa, Orville ya kawo shi da motar. Yana durƙushe a gaban tafi-da-gidanka yana ɗaura tukwanen gas, hannunsa na aiki tsaf ba gargada. Ya shafa ruwan sabulu a mahaɗar, ya duba ko za ta yi kumfa. Bai juyo ba ya ce, "Bernadette ta gaya miki."

"Yanzu ka san sunanta."

"Yanzu na sani. Zuwa yake yana tafiya." Ya miƙe da ƙyar, ya zauna a matakalar ƙofa. "Zauna mana."

"Ba zan zauna ba. Ka ɗauko ni ka bi da ni ta Wyoming, Arne. Da ka manta wanne ne birki fa? Da ka kashe mu? Da ka kashe 'ya'yan wani?"

"Na yi wannan tunanin. Kullum ina yi." Ya dubi hannuwansa. "Ban kyauta ba. Amma kin san abin da ya kawo mu? Bakinki. Shekara nawa ina miki faɗa ki daina karanta min taswira, na san hanya? Bana duk kwanar da kika faɗa ita na bi. Da kika yi barci bayan mun wuce wani gari, na ce miki zan sha kofi na tsaya. Ba kofi nake so ba. Jira nake ki farka."

Marlys ta nemi kujera ta zauna.

"Me ya sa kowa ya ji ban da ni?"

"Da kin ji a Oktoba, da mun zo?"

"Da ba mu zo ba."

"To. Da yanzu muna gida, ƙanƙara har taga, kina zaune kina kallona kamar tukunyar da ke shirin tafasa. Nan kuwa kina ɗinki, kina iyo da 'yan uwanki tsofaffi, har rana ta sa kin yi baƙi. Na so ki ƙara samun hunturu ɗaya ba ki da majinyaci." Ya ja numfashi. "Kuma tsoro nake ji, Marlys. Orville in na gaya masa, zai ce to, ya kawo zancen taya. Ke in na gaya miki, ya zama gaske."

Marlys ta dube shi. Tana son ta yi masa ihu, tana son ta riƙe kansa. Ba ta yi ko ɗaya ba. Wani ɗan tsuntsu ya zo yana shawagi a bakin kwalbar ruwan sukarin da ta rataya, suka zuba masa ido su biyu kamar shi suka zo gani.

"Ba za ka ƙara tuƙi ba," in ji ta daga baya.

"Na sani. Tun a bakin titin nan na sani."

"Kuma likitan nan zan kira shi da kaina, ya maimaita min duk abin da ya ce."

"Kira shi."

Wayarta ta yi ƙara a aljihu. Janelle ce, 'yarsu ta Fargo, wadda ke kira kowace Asabar. Marlys ta share ido da bayan hannu, ta amsa. Fuskar Janelle ta cika wayar, jaririnta a kafaɗa, idanunta duk sun faɗa don rashin barci.

"Mama! Ku kuna can kuna shan rana, mu mota ma ta ƙi tashi. Ga wannan ya kwana yana tari, ga aiki Litinin. Ni dai na gaji. Ya kuke? Ina Baba?"

Marlys ta juya wayar. Arne ya ɗaga hannu, ya kira jikan da sunansa daidai, ya yi masa gwalo. Ta maido wayar gabanta. Janelle na jijjiga yaron tana hamma.

"Mama, lafiya? Na ga idonki ya yi ja."

"Hayaƙin fanke ne," in ji Marlys. "Lafiyarmu ƙalau. Ki ba shi ruwan ɗumi, ki kwanta in ya kwanta."

Da ta kashe wayar ta kifa ta a cinya. Arne na kallonta.

"Yaron ba shi da lafiya," in ji ta. "Ba yau ba. Gobe zan gaya mata."

Arne ya gyaɗa kai a hankali, ya matsa ya bar mata wuri a matakalar.

"Ni ma gobe na riƙa cewa," in ji shi.