Mai Tashi Sama na Ishaya Kafinta

Ni Mani, mahauci ne, ɗan mahauci. Silima ba ta dame ni ba. Ishaya ne ya ja ni.

Ishaya kafinta ne a ma'aikatar ayyuka, mutumin wajen Jos, maƙwabcina a unguwar Gawon Nama, nan Sakkwato. Shi ya yi mini teburin da nake sara a kai har yau. Yana jin Turanci, ni ba na ji, don haka in mun shiga silima shi ke raɗa mini abin da ake cewa.

A shekarar da soja suka ƙara jihohi, aka kawo wani fim na wani mugun mutum, shugaban 'yan fashi. Ba tsafi a ciki, ba waƙa. Mugun yana cin abinci da hannu, yana gumi, yana tari kamar kowa. Ya ƙone gari, ya jefa ɗan sanda a kogi a gaban wani bebe mai ɗiban ruwa, ya zauna yana dariya. Aka nuna walƙiya, fim ya ƙare a nan.

Gari ya ɗauka. Kullum da hantsi rumfata cike take da masu gardama.

Jinaidu mai tsire ya ce, "Kashi na biyu shina tahe. Beben nan mai ɗiban ruwa shi na jarumin. Ba ku ga yadda aka daɗe ana nuna hannunai ba?"

Maigandi direba ya ce, "Kai tahi can! Ɗan sandan ne. Wa yag ga gawa tai? Da layu za shi dawo, harsashi bai kama shi."

Ishaya ya ce duk sun ɓata. Wai walƙiyar da aka nuna a ƙarshe alama ce. Wani ne zai sauko daga sama, mai tashi ba fiffike, ya ɗauke mugun da hannu ɗaya.

Na ce, "Kafinta, ba a ɗinka kan raƙumi a jikin tunkiya. Fim ɗin da mutum ke tari, mai tashi sama ba shi da wurin sauka."

Ya ce, "Malam Mani, kai dai sari naman ka. Ka taɓa ganin an bar mugu da dariya?"

"Kullum," na ce.

Ana haka aka kira ma'aikatan jihar su Ishaya su koma gida. Ishaya da matarsa Naomi za su tashi ranar Asabar. Ya zo rumfa da yamma, ya zauna. Can ya ce, "Abu ɗaya ke ci mini rai. Zan bar Sakkwato mutumin nan yana dariya."

Na ci gaba da sara. Amma mu a gidanmu, in kana son abu wurin mai iko, da gaisuwa kake zuwa. Na yanke cinyar rago mai kyau, na naɗe a takardar siminti, na tafi wurin Gambo, mai juya injin silima.

Na ce masa a sa mai tashi sama a fim ɗin ranar Juma'a.

Gambo ya yi dariya har da riƙe ciki. Ya ce, "Baba, ai ba nan aka yin su ba. Cikin gwangwani aka kawo muna su daga Ikko. Kuma babu wani kashi na biyu."

Na ce, "Ban tambaye ka inda aka yin su ba."

Ya dubi cinyar. Ya dubi wani kwali a lungu, cike da guntayen fim da suka tsinke. Ya ɗauko almakashi.

Ranar Juma'a bayan magariba muka shiga. Fim ya tafi yadda muka san shi. Mugu ya buɗe baki zai yi dariya, sai allo ya yi ƙyaf. Ga wani ƙaton Bature da koren wando da hular ƙarfe, yana keta gajimare a kan wasu dogayen benaye da babu su a garin. Ya dunƙule hannu, ya yo ƙasa. Allo ya yi fari. Dariyar mugun ba a ji ta ba, Gambo ya datse ta.

Silima ta kaure da ihu. Maigandi ya hau benci yana rantsuwa ɗan sandan ne ya yi fari a cikin ruwa. Jinaidu yana cewa a dubi hannun, na beben ne.

Ishaya bai yi ihu ba. Ya juyo ya daɗe yana dubana.

"Malam Mani, aikin nan da ƙanshin nama."

"Ka dubi gabanka," na ce.

Da safe na kama masa muka ɗora akwatin kayan aikinsa a mota, Jinaidu na tsaye a gefe. Matata Kulu ta cika wa Naomi kwano da kilishi, suna ta kuka. Ishaya ya hau, ya leƙo ta taga.

"To, ya sauko ko bai sauko ba?"

"Ya sauko."

"Faɗi da ƙarfi, Jinaidu bai ji ba."

Na faɗa da ƙarfi. Direba ya ta da mota.